Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 Kan Sauya Ranakun Tseren Kambi Uku

Zuwa ga shugabannin filin Churchill Downs a Kentucky, da hukumar da ke riƙe da tseren Preakness a Maryland, da hukumar tseren dawaki ta New York, tare da masu dawaki da masu horar da su.

 

Mu ne 'yan barga. Mu ke tashi ƙarfe huɗu na asuba mu kwashe kashi, mu sauya shimfiɗa, mu bi ƙafafun doki ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu muna laluben inda ya ɗauki zafi tun likita bai iso ba. A cikinmu akwai masu kilisa da ke hawa tun gari bai waye ba, da masu zagayawa da doki bayan gudu har ya huce, da masu gadin dare, da masu kwana a bayan mota tare da dabba idan an ɗauke ta daga wannan jiha zuwa waccan. Taron wakilanmu ya zauna kan maganar sauya ranakun tseren Kambi Uku, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, ya kuma umarci kwamitin zartarwa ya rubuto muku wannan takarda. Gargaɗi ce, kuma tana ɗauke da wa'adi.

Matsayinmu guda ne. Kada a taɓa ranar ko ɗaya daga cikin tseren nan uku sai an zauna da mu, kuma idan za a taɓa, a taɓa su tare, da yarjejeniya ɗaya a rubuce.

Kun san tsarin da ake kai tun 1969. Derby a Asabar ta farko ta watan Mayu a Louisville, mil ɗaya da kwata. Bayan sati biyu Preakness a Baltimore, ƙasa da haka da kaɗan. Bayan sati uku kuma Belmont a New York, mil ɗaya da rabi. Idan aka haɗa, kusan mil huɗu ke nan na gudun ƙure ƙarfi cikin sati biyar, da nauyin kilo 57 a gadon baya, ga tafiyar kusan mil 600 daga Louisville zuwa Baltimore a tsakani. Duk wannan a kan duƙushi ɗan shekara uku. Shekara ukun ma ta takarda ce, domin kowane dokin tsere da aka haifa a arewacin duniya ana ƙara masa shekara ne a ranar 1 ga Janairu. Wanda aka haifa a ƙarshen Mayu yakan shiga Derby bai cika ukun ba, ƙashinsa kuwa bai gama ƙwari ba.

Mun kuma san abin da ya tayar da maganar. A 2022 Rich Strike ya ci Derby, masu shi suka ce ba zai je Preakness ba, sai Belmont. A 2025 Sovereignty ya ci Derby, mai horar da shi Bill Mott ya tsallake Baltimore, ya jira sati biyar, ya je ya ci Belmont a filin Saratoga. Idan zakaran Derby bai zo ba, Preakness ya rasa abin da ke jan 'yan kallo, kafar talabijin ta rasa abin sayarwa, kuɗin caca ya ragu. A 2023 kamfanin da ke riƙe da Pimlico, filin Preakness, a lokacin ya fito fili ya ce yana duba yiwuwar mai da Preakness sati huɗu bayan Derby, hukumar New York kuma ta ce ba ta da niyyar matsar da Belmont. Tun daga nan maganar ba ta kwanta ba. Wasu na cewa a mai da tazarar sati uku, wasu na cewa a yi Asabar ta farko a Mayu, da ta farko a Yuni, da ta farko a Yuli. Masu dawaki sun yi magana, masu horarwa sun yi, 'yan jarida sun cika shafuka. Waɗanda hannunsu ke kan dokin dare da rana ne kaɗai ba a ji ta bakinsu ba.

To ga ta bakinmu, kuma wataƙila ba abin da kuke zato ba ne. Yawancinmu mun yarda cewa sati biyu ya yi kaɗan ga dokin yau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muke ganin dokin da ya fito daga Derby, inda dawaki har 20 ke turereniya a kwana ta farko, washegari ya bar rabin hatsinsa a akushi. Mu muke ganin ramar da ke fitowa a kwiɓinsa, da ƙujewar da ke bayan dunduniya, da yadda yake sauya tsayuwa daga wannan ƙafa zuwa waccan cikin dare. Wani ya warware cikin kwana uku ya fara harbin bango yana neman fita. Wani kuwa kwana goma ba su ishe shi ba. Akwai masu zubar jini a huhu idan sun ƙure gudu, kuma tun 2021 ba a ba dawakin Derby maganin Lasix da aka saba ba su ranar tsere domin rage wannan. Huhun da ya yi jini yana bukatar lokaci. Babu ɗan bargan da zai yi musun haka.

Dokin ma ya sauya. Citation ya yi tsere 20 a shekarar 1948 kaɗai, ya ci 19, har ya shiga wani tsere tsakanin Preakness da Belmont ya ci kafin ya ɗauki kambi. A 1960 doki a Amurka yakan yi tsere kusan 11 a shekara, yanzu kusan shida. Justify, wanda ya ci kambin a 2018, tsere shida ya yi a rayuwarsa duka, daga Fabrairu zuwa Yuni, sai kumburi ya fito masa a ƙafa aka ajiye shi. 'Ya'yan dawakin da ake yi wa rajista sun haura 50,000 a 1986, yau ba su kai 20,000 ba. Masu horarwa sun saba ba doki sati huɗu zuwa shida tsakanin tsere da tsere. Wannan ita ce sana'ar kamar yadda take yanzu, ko mutum ya so ko ya ƙi.

Masu cewa al'ada ce ba a taɓa ta, muna girmama su, amma tarihi bai goya musu baya yadda suke zato ba. Sir Barton, na farko da ya ci ukun a 1919, kwana huɗu ne tsakanin Derby da Preakness nasa. A 1917 da 1922 rana ɗaya aka yi su biyun. Gallant Fox a 1930 Preakness ya fara ci kafin Derby. A 2020, shekarar annobar korona, an fara da Belmont ranar 20 ga Yuni bayan an rage tsawonsa, aka yi Derby ranar 5 ga Satumba, aka rufe da Preakness ranar 3 ga Oktoba. A 2024 da 2025 an kai Belmont Saratoga saboda gini, aka mai da shi mil ɗaya da kwata, kuma an tsara Preakness na 2026 a Laurel Park saboda ana sake gina Pimlico. Abin da ya motsa sau da yawa haka yana iya sake motsawa. Sai dai hujjarsu guda tana da nauyi, kuma muna ɗauke da ita a zuciya fiye da kowa. Dawaki 13 kaɗai suka taɓa cin ukun. An jira shekara 25 daga Citation zuwa Secretariat a 1973, an jira shekara 37 daga Affirmed a 1978 zuwa American Pharoah a 2015. Wahalar ce ta ba kambin daraja. Kuma har yanzu ana samun masu iya ɗaukarta: Mystik Dan ya shiga duka ukun a 2024, Journalism ya shiga duka a 2025, ya zo na biyu a Derby, ya ci Preakness, ya zo na biyu a Belmont. A bayan kowannensu akwai ɗan barga da ya yi sati biyar bai yi barcin kirki ba. A cikinmu akwai masu ganin kada a rage wa wannan aiki martaba, kuma ba mu danne muryarsu ba.

Abin da duk muka haɗu a kai shi ne haɗarin gyara na ɓangare guda. Idan Maryland ta matsar da Preakness zuwa sati huɗu bayan Derby, New York kuma ta tsaya inda take, saura kwana bakwai ke nan tsakanin Preakness da tsere mafi tsawo a cikin ukun. Duk dokin da ya ci biyun farko, duniya za ta taru a kan mai shi, da 'yan jarida da masu talla da masu lissafin kuɗin barbara, kowa na cewa a gwada. Mutane kaɗan ne za su iya cewa a'a ga irin wannan matsi. Mu za a miƙa wa ragama a ce mu kai shi fili. Muna sanar da ku tun yanzu, ba za mu kai shi ba. Mun ga Barbaro ya karye a gaban jama'a a Preakness na 2006, aka yi ta jinya har Janairun 2007 kafin a haƙura a kashe shi. Mun ga Eight Belles ta faɗi bayan ta zo ta biyu a Derby na 2008. Mun ga bazarar 2023, lokacin da dawaki 12 suka mutu a Churchill Downs har aka kwashe sauran tseren zuwa Ellis Park. Ba mu ce tazarar ranaku ce ta jawo waɗannan ba. Abin da muke cewa shi ne, idan doki ya faɗi, kowa yana komawa gidansa, ɗan barga kaɗai ke komawa ya tarar da turke babu kowa, da ragama a hannu, wani lokaci kuma babu aiki washegari. Wanda ke ɗaukar wannan nauyi yana da haƙƙin a tambaye shi.

Masu son a kai Belmont watan Yuli kuma, su tuna da zafi. Ranar 20 ga Yulin 2019 an soke tseren Saratoga gaba ɗaya saboda zafin rana, a filin Monmouth kuma aka jinkirta tseren Haskell zuwa yamma. A Yunin 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya sa aka dakatar da tsere a Belmont Park ana saura kwana biyu babban tseren. Doki ba ya jure zafi da gumi kamar yadda mutane ke zato, balle a mil ɗaya da rabi. Mu ma da ke jan sa a ƙasa, muna ɗauke da bokitin ƙanƙara daga barga zuwa fili, jiki gare mu. Sannan Yuli ba fili ba ne da babu kowa. Haskell yana nan, Saratoga tana buɗewa, tseren Travers yana jira a ƙarshen Agusta, na Breeders' Cup a farkon hunturu. Ka matsar da ɗaya, ka ture sauran.

A nan ne maganar ta zo kan rayuwarmu, kuma a nan za mu daɗe, domin shi ne ɓangaren da ba a rubutawa. Ga mai kallo, ranar tsere kwanan wata ce a kalanda. Ga ɗan barga ita ce ke yanke inda zai kwana, da makarantar da ɗansa zai gama zango, da ranar da takardarsa za ta ƙare. Da yawa daga cikinmu sun fito ne daga Meziko da Guatemala da sauran ƙasashen kudu, wasu da bizar aiki ta wucin gadi mai suna H-2B. Doka ta ƙayyade ta a 66,000 a shekara ga dukan sana'o'in da ke nema, rabi daga Oktoba, rabi daga Afrilu, kuma tana ɗaure ne da sunan mai ɗaukar aiki, da wurin aiki, da ranakun aiki. Ana neman ta watanni kafin lokaci. Idan aka sauya rana bayan an cika takardu, ma'aikaci ne ke shiga tsaka mai wuya, ko ya bar dokin da ya raina a tsakiyar tafiya, ko ya tsaya ya karya doka. Bayan samamen da jami'an shige da fice suka kai filin Delta Downs na Louisiana a Yunin 2025, inda aka kama fiye da mutum 80, kowace ƙarin tafiya tsakanin jihohi fargaba ce ga iyalai, har da waɗanda takardunsu ke daidai.

Ɗan barga ba doki ɗaya yake riƙe da shi ba, yakan riƙe huɗu ko biyar. Idan ya bi ɗaya zuwa Baltimore, sauran suna komawa kan abokan aikinsa, ba tare da ƙarin hannu ba. Tafiyar sati biyar a yanzu tana iya zama ta sati tara. Wa zai biya kuɗin ɗaki? Wa zai biya awannin da suka haura? Ɗakunan bayan fili a Saratoga sukan cika idan kakarta ta kama, to ina za a sa waɗanda suka zo domin Belmont idan ranakun sun haɗu? Uwar da ke kai ɗanta gidan renon Anna House a Belmont Park da asuba kafin ta kama aiki, wa ya tambaye ta ko sabon tsari zai raba ta da yaron wata biyu? Ba mu ƙirƙiri damuwar albashi ba. A 2019 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa wani babban mai horarwa a New York ya biya fiye da dala miliyan 1.6 na haƙƙin ma'aikata da tara. Wannan a tsarin da kowa ya saba da shi ke nan, balle a sabon da ba a yi masa shiri ba.

Kuɗi kuwa akwai su. Tun 2024 ladan Derby dala miliyan 5 ne, wanda ya ci ya ɗauki miliyan 3.1. Preakness miliyan 2, Belmont miliyan 2. Mahayi da mai horarwa kowa yana da kashi 10 cikin 100 na rabon wanda ya ci, kowa ya san wannan. Rabon ɗan barga kuwa ya dogara ne da al'adar bargar da yake da kuma kirkin maigidansa. Akwai iyayen gida masu alheri, muna gode musu, kuma sun san kansu. Amma idan dalilin sauyin shi ne a ƙara samun kuɗin talabijin da na caca, to a rubuta rabon wanda zai ƙara yin aiki.

Saboda haka ga bukatunmu. Muna son a kafa zama guda da ya haɗa filayen uku, da masu dawaki, da masu horarwa, da mahaya, da likitocin dabbobi, da wakilanmu, kuma kujerarmu ta zama mai ƙuri'a. Duk shawarar da za ta fito ta shafi tseren uku tare, kuma kada tazara tsakanin kowane biyu ta gaza wadda ake da ita yanzu. A ba da sanarwar aƙalla wata 12 kafin sabon tsari ya fara aiki, domin masu biza da masu 'ya'ya a makaranta su shirya. Idan wani tsere zai shiga tsakiyar zafi, a tsayar da ma'aunin zafi da na hayaƙi a rubuce, wanda da an kai shi likita zai dakatar da tsere ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ma'aunin ya kare mutum kamar yadda ya kare dabba. A tanadi wurin kwana da kuɗin tafiya da na ƙarin awanni kafin a ɗaga ƙafa. Na ƙarshe, kuma shi ya fi mana muhimmanci: ɗan bargan da ya ga alamar ciwo a jikin doki tsakanin tsere da tsere ya samu hanyar gaya wa likitan hukuma kai tsaye, kuma kada a kore shi saboda ya faɗa.

Mun ba ku wa'adin kwana 21 daga ranar da takardar nan ta shiga hannunku. Abin da muke jira a cikinsu amsa ce a rubuce, mai ɗauke da ranar zaman farko da alkawarin cewa babu wata sanarwar sauyi da za ta fita kafin zaman. Idan wa'adin ya cika shiru, za mu shiga yajin gargaɗi na kwana uku, har da Asabar, a filayen jihohin uku. Idan aka sanar da sabuwar rana a bayan idonmu, ko a cikin wa'adin ko bayansa, babu sauran gargaɗi, yajin sai baba-ta-gani ne, kuma zai haɗa da ranar tseren da aka matsar.

A fahimci yadda yajin zai kasance. Ba za mu bar doki da yunwa ba. Za mu ba shi hatsi da ciyawa da ruwa, mu gyara masa makwanci, mu zagaya da shi, mu kira likita idan ya kwanta ciwo. A 2020 da aka rufe ƙofofi ga 'yan kallo, barga ba ta rufe ko kwana ɗaya ba, kuma ba za ta rufe saboda rigimarmu da ku ba. Abin da ba za mu yi ba shi ne ɗaura sirdin tsere, da jan doki zuwa farfajiyar shiri, da miƙa shi ga mahayi. Ba za mu tare hanya ba, ba za mu taɓa kowa ba. Mun san abin da ya faru a Newmarket ta Ingila a 1975, lokacin da yajin 'yan barga ya kai ga hargitsi a filin tseren Guineas, kuma ba wannan hanya muka zaɓa ba. Amma kada a ɗauka fili ba ya tsayawa. A 1969 filin Aqueduct ya tsaya fiye da mako guda kan maganar fanshon ma'aikatan barga. A 2004 wasu mahaya sun ƙi hawa a Kentucky kan inshorar rauni. Ranar 10 ga Satumban 2025 masu sana'ar da kansu suka soke duk tseren Birtaniya na yini guda domin nuna adawa da ƙarin haraji. Idan shugabanni na iya tsayar da tsere domin kare kuɗin shiga, mu ma muna iya tsayar da shi domin kare doki da mai kula da shi.

Muna kuma jan kunnen duk wanda zai yi tunanin korar wakilinmu, ko hana shi ɗakin kwana, ko tsorata shi da jami'an shige da fice saboda wannan takarda. Taɓa ɗaya daga cikinmu zai kawo ƙarshen wa'adin a ranar, ko da saura kwana 20.

Ga 'yan'uwanmu mahaya da maƙeran kofato da direbobi, mun aika muku kwafe, muna neman ku tsaya tare da mu. Ga mambobinmu, kowa ya ci gaba da aikinsa kamar kullum, kada a saurari jita-jita, umarni zai fito ne daga bakin wakilin barga kaɗai. Ofishinmu a buɗe yake dare da rana har wa'adin ya cika, kuma wakilanmu a shirye suke su zo Louisville ko Baltimore ko New York, duk inda kuka zaɓa.

 

Kwamitin Zartarwa, a madadin 'yan barga da masu kilisa.